Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Bauchi kan ƙarancin jinin masu ciwon ƙoda

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka karanta wannan takarda tare da shugabannin BASHCMA, hukumarmu ta taimakekeniyar lafiya, da na hukumar da ke sayo wa asibitocin jiha magunguna, domin maganar ta shafe su kamar yadda ta shafe ka.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kuma jiharmu ta samu shiga ciki, har da asibitin tarayya na Azare. Duk wanda ya taɓa sayar da gona ko akuyar gida don a ɗora nasa a kan inji ya san girman wannan sauƙi, kuma mun gode Allah, mun gode wa waɗanda suka yi. Sai dai injin yana wanke jinin da ya tarar ne, ba ya ƙera sabo. Mafi yawan waɗanda ake kawowa wanki kuwa jinin nasu ya riga ya yi ƙasa. Wannan ɓangaren har yau a wuyan iyali yake, kuma a kansa nake son yin magana.

Ni mai jinya ne. Yayana ke fama da ciwon, ni nake kai shi ina dawo da shi, ni nake riƙe da katinsa da takardun gwajinsa. Abin da zan faɗa, wani daga bakin likitocin ƙoda da nas-nas na ji shi, wani na karanta, wani kuma zaman benci da 'yan uwana masu jinya ne ya koya mini.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ƙoda tace fitsari ne kaɗai. Akwai wani sinadari da take fitarwa, ana ce masa EPO a taƙaice, shi ne ke zuwa ɓargo ya sa shi ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan sinadari daga ƙoda yake fitowa. Idan ƙoda ta lalace, saƙon ya daina isa ɓargo, ko da mutum yana cin nama kullum. Ga kuma ƙari: ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 kafin ta mutu, amma a jikin da dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ya taru, ba ta kai haka. Kowane wanki yana barin ɗan jini a cikin matatar inji da robobinsa, kowane gwaji a ɗebi kaɗan. A shekara, mai wankin ƙoda yana iya rasa giram 1 zuwa 2 na sinadarin ƙarfe, wanda ɓargo ke buƙata wajen ƙera jini, alhali duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. A nan wurinmu sai ka ɗora zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da gyambon ciki, da matan da suka shigo ciwon da jinin da haihuwa ta riga ta rage.

Ba sai an je ɗakin gwaji za a gane ba. Yayana mutum ne da yake tashi daga shago ya wuce gona da yamma. Lokacin da jininsa ya sauka, daga ƙofar gida zuwa masallacin layinmu sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Farilla a zaune yake yinta. Ka ja fatar idonsa ƙasa, fari fat, tafin hannu kamar an wanke da omo. Ana zafi yana neman bargo. Wasu 'yan uwa suka ce ai wankin ne ke tsotse shi, a daina kai shi. Likita ta ce ba wankin ba ne, jini ne babu, zuciya kuma tana ta bugun banza don ta kai ɗan abin da ya rage ko'ina a jiki. Zuciyar da ta daɗe tana wannan wahala kumbura take yi, ta yi kauri, daga baya ta gaza. Shi ya sa za ka ji an ce da yawa daga masu ciwon ƙoda zuciya ce ajalinsu.

To yanzu ga abin da ke faruwa da yawancinmu. Za a zo wanki, a auna, a ce PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka, ba za a ɗora shi a inji ba sai an ƙara jini, a nemo leda biyu. Nan mai jinya zai fara kiran waya. Wa ke da irin jinin? Wa bai bayar ba a 'yan watannin nan? A taro ƙanne da 'ya'ya da abokan shago, a biya kuɗin gwaji da na leda, a ƙara masa, ya ɗan farfaɗo. Bayan 'yan makonni jinin da aka ƙara ya mutu, ɓargo bai ƙera komai ba, a koma gidan jiya.

Ƙarin jini yana ceton rai, ba mai musun wannan, kuma akwai ranar da babu wata hanya sai shi. Amma mayar da shi maganin yau da kullum yana da illar da ba a cika gaya wa iyali ba. Ko an tace jini, yawan karɓarsa yana ƙara hatsarin ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka. Leda tana zuwa da ruwa da wani sinadari mai suna fotasiyam, abubuwa biyu da jikin mai ciwon ƙoda bai iya fitarwa. Babbar illar kuwa ita ce wadda ta fi ɓoyuwa. Duk jinin wani da ya shiga jikinka, garkuwar jikinka tana iya haddace shi ta ɗauke shi abokin gaba. Ranar da Allah ya hore aka tashi dashen ƙoda, wanda ake yi a asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, sai gwaji ya nuna jikin zai ƙi ƙodar. Kuma wa ke ba da ƙoda a wurinmu in ba ƙane ko ɗa ba? Su ne kuma farkon waɗanda muke kira su ba da jini. Wato da hannunmu, cikin son taimako, muna iya rufe wa ɗan uwanmu ƙofar dashe. Likitocin ƙoda sun san wannan, suna gargaɗi, amma mai jinyar da aka ce masa ya kawo jini kafin azahar ba shi da wani zaɓi.

Hanyar da masana suka shimfiɗa ba ɓoyayya ba ce. Ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya da ake kira KDIGO ta fitar da ƙa'idarta tun 2012, likitocinmu ma da ita suke karatu. Da farko a auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namijin da hemogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa jini ja, bai kai 13 ba, ko macen da nata bai kai 12 ba, yana da ƙarancin jini. Amma wannan lamba kaɗai ba ta faɗin dalili. Sai an auna ƙarfen da ke ajiye a jiki, gwajin da ake kira feritin, da wanda ke yawo a cikin jini, a duba ko akwai inda jini ke zuba ko wata cuta da ke ci a ɓoye. A nan muke fara tuntuɓe. PCV ko'ina ana yi, amma gwajin ƙarfe sai an je babban gari, ga tsada, don haka da yawa ana yi musu magani ne da ƙiyasi.

Bayan gwaji sai ƙarfe, kafin a yi maganar allurar EPO. Tura wa ɓargo EPO alhali babu ƙarfe a jiki kamar ka kira magini ne ka biya shi kuɗin yini, ba ka kawo bulo ba. Za ka ce ai ga ƙwayar ƙarin jini nan arha a kowane kemis, ana ba masu ciki. Haka ne, kuma tana amfanar wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Amma idan ƙoda ta gaza sosai, wani sinadari daga hanta mai suna hefsidin yana taruwa a jiki, ya toshe hanji ya hana shi tsotsar ƙarfe. Sai mutum ya yi wata da watanni yana haɗiyar ƙwaya, bayan gidansa ya yi baƙi, cikinsa ya ɗaure, jini bai motsa ba. In ya haɗa ta da shayi ko da maganin alli da ake ba su don rage sinadarin fosfet da ke taruwa a jini, ɗan abin da zai shiga ma ya ragu. Ga mai wanki, ƙarfen jijiya, wato wanda ake turawa kai tsaye cikin jini, shi ne mafita, kuma ba ya buƙatar wata sabuwar huda, ta robar injin ake tura shi yana kwance. An yi wani babban bincike a Birtaniya mai suna PIVOTAL a kan masu wanki fiye da 2,000, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Waɗanda aka riƙa ba ƙarfen jijiya a kai a kai, ba tare da jiran sai ya ƙare ba, sun buƙaci EPO kaɗan, an rage yi musu ƙarin jini, matsalar zuciya ma ta yi musu sauƙi. Ina jan hankalinka a nan, ranka ya daɗe, domin maganin da ya fi arha ne yake rage buƙatar wanda ya fi tsada. Sharaɗinsa dai a yi shi a asibiti, gaban ma'aikacin da zai iya tarar numfashi idan jiki ya ƙi shi.

Sai ita allurar EPO. Tun 1989 aka amince da ita a Amurka, ba sabon abu ba ne, kuma yanzu kamfanoni da dama na yinta. Akan fara ta ne idan hemogulobin ya sauka ƙasa da 10, a riƙa yi sau biyu ko uku a mako, kuma sai an yi makonni kafin a ga canji. Nan talauci ke yi mana mugun wasa. Iyali za su haɗa kuɗi su sayi biyu ko uku, kuɗi ya ƙare, a tsaya wata guda, a sake sayen ɗaya. Kuɗin ya tafi, jinin bai hau ba, sai a yanke hukunci cewa allurar ba ta aiki. A inda muke kai namu, da aljihunmu muke sayenta, kuma a benci na sha jin mai jinya yana lissafi da yatsu: wanki ko allura, ɗaya za a yi wannan makon.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a raba ta kamar farasitamol. Tana da kaifi. Tana ɗaga hawan jini, tana sa jini gudaji. Binciken TREAT na 2009, a kan masu ciwon suga da ciwon ƙoda fiye da 4,000, ya nuna waɗanda aka yi ƙoƙarin kai jininsu 13 da irin wannan allura sun kusan ninka sauran wajen shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ƙa'idar ta ce kada a wuce 11.5. Ba a neman jinin ya dawo kamar na mai lafiya, ana neman ya isa mutum ya tashi ya yi harkarsa ba tare da an ƙara masa na wani ba. Maganin da ke buƙatar irin wannan sa ido, da awon jini duk wata da awon hawan jini duk zuwa, bai kamata a bar shi tsakanin mai kemis da mai allurar unguwa ba. Amma yau can tsada ke tura shi.

Akwai kuma sanyi. A firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a barinta a zafi, ba a kuma barinta ta daskare. Ranka ya daɗe ka san watan Afrilu a Azare ko Gamawa, ka kuma san halin wutarmu. Ni da kula ta shan ruwa nake zuwa sayenta, in sayi ƙanƙara a bakin hanya, in naɗe allurar da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar, in rungume a bayan ɗan acaɓa. Wannan daga kantin zuwa asibiti ke nan. Abin da ya faru da ita kafin ta iso hannuna, daren da janareta ya mutu ko yinin da ta kwana a motar kaya, babu yadda zan gane, domin wadda ta lalace da mai kyau kamarsu ɗaya a ido. Abin da ke ba ni haushi shi ne jihar nan ta iya wannan aiki. Allurar rigakafin yara ma a wannan sanyin ake ajiye ta, kuma tana isa ƙauyukan Zaki da Ningi da Alkaleri lafiya lau a firjin sola da akwatin sanyi. Ilimin yana nan, ma'aikatan suna nan, ba a dai miƙa shi ga masu ciwon ƙoda ba.

Inda magani ya gagara, shawara ke cika wurin. Duk mai zuwa dubiya da nasa: zoɓo ba suga, lemon malt da madarar gwangwani, ruwan alayyahu, zogale, dabino, ga 'yan kwalabe masu hoton jan jini a jiki. Ga mai lafiyar ƙoda babu laifi a yawancinsu. Ga wanda fitsarinsa ya ragu, jarkar zoɓo ruwa ce da za ta taru a huhu, ganye da dabino da ayaba kuma cike suke da fotasiyam da kan tsayar da zuciya ba sallama. Ba ƙeta ke sa mutane kawowa ba, ƙauna ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu a harshen da suke ji. Gidan rediyon jiha yana nan. Rabin awa a mako da likitan ƙoda da mai ilimin abinci, da Hausa da Fulatanci, zai kai inda takarda ba ta kaiwa. A wannan shirin a ja kunnen jama'a kan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake sha kamar gyaɗa, domin suna ƙarasa ƙoda, suna kuma sa ciki zubar da jini.

Na san za a ce manyan wuraren wankin na Gwamnatin Tarayya ne, ba a ƙarƙashinka suke ba. Gaskiya ne. Amma mutanen da ke kwance a kan gadajen 'yan Bauchi ne, daga Misau da Jama'are da Dass da Toro suke zuwa, kuma sayen magani da inshora da asibitocin ƙananan hukumomi 20 duk a hannun jiha suke. Abu na farko da nake roƙo shi ne hukumar magunguna ta riƙa sayo EPO da ƙarfen jijiya da yawa a lokaci ɗaya, kai tsaye daga masu shigo da su da ke da rajistar NAFDAC, a ajiye a firjin sola, a sayar wa majinyata a farashin sari a duk inda ake wanki a jihar, ko na tarayya ko na jiha. Ko ba a sa tallafin ko kwabo ba, cire 'yan tsakiya da tabbatar da sanyi kaɗai babban sauƙi ne. Sannan BASHCMA ta duba yadda za ta sa waɗannan biyun da gwajin ƙarfe cikin abin da take biya wa mai ciwon ƙoda. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu don masu rauni, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Mutumin da ya sayar da gonarsa don wanki, in bai shiga sahun masu rauni ba, wa zai shiga?

Roƙo na gaba ya fi wannan arha, kuma a ganina ya fi shi muhimmanci. Ƙarancin jini ba ya jiran ranar wanki, tun ƙoda tana rabin aiki yake farawa. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda, kuma masu su suna zuwa babban asibitin kowace ƙaramar hukuma karɓar magani. A mayar da shi doka cewa aƙalla sau ɗaya a shekara a auna musu aikin ƙoda da fitsari da yawan jini. Wanda aka gani jininsa ya yi ƙasa ba dalili, kada a sallame shi da kwalbar tonik, a duba ƙodarsa, a tura shi wurin ƙwararre. A wannan matakin ƙwayar ƙarfe mai arha tana aiki, zuciya ba ta kumbura ba tukuna. Kowane majinyaci kuma a ba shi ɗan littafi da za a riƙa rubuta awon jininsa, da allurar da ya karɓa, da ledar da aka taɓa ƙara masa da kuma jinin wa. Yanzu wannan tarihi a kan mai jinya yake, in ya manta ko aka canza mai rakiya, shi ke nan.

Akwai sababbin ƙwayoyi da ake haɗiya su sa jiki ya ƙera EPO da kansa. Ɗaya daga ciki, roksadustat, an amince da ita a Sin tun 2018, wasu irinta kuma sun biyo baya a Amurka. Ba sa buƙatar firji, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wuri irin namu, amma su ma suna da hatsarin gudajin jini. Ba su nake roƙo yau ba. A bar wa likitoci su duba, mu dai a fara mana da abin da aka sani shekara talatin.

Wani zai ce kuɗin lafiya kaɗan ne, zazzaɓi da haihuwa sun fi ciwon ƙoda kashe mutane, a fara da su. Ban ƙi ba. Amma a je ɗakin ajiyar jini a tambaya. Ledar da mai ciwon ƙoda yake karɓa duk bayan 'yan makonni, ita ce wadda matar da jini ya ɓalle mata a ɗakin haihuwa take jira, ita ce ta yaron da zazzaɓi ya shanye, da mai sikila, da wanda mota ta buge a hanyar Kano. Masu ba da jini ba su da yawa a wurinmu, kowa ya sani. Mai ciwon ƙoda yana da wata hanya in an buɗe masa, mai naƙuda ba ta da ita. Duk wanda aka riƙe jininsa da ƙarfe da EPO ya bar wa waɗannan ledarsa, ya kuma rage kwanan asibitin da gwamnati da iyali ke ɗauka.

Likitocin ƙoda da nas-nas na wanki a jihar nan ba su da yawa, ɗaki ɗaya zai ɗauke su. Ina roƙon ka kira su, tare da masu harhaɗa magunguna da shugabannin hukumomin nan biyu, a sa mutum biyu ko uku daga cikin majinyata da masu jinya. A ƙirga mutum nawa ke wanki a jihar, nawa ne a cikinsu aka taɓa auna wa ƙarfe, leda nawa ake ƙara musu a wata, nawa za a kashe in an saye maganin a dunƙule. Alkaluman suna cikin rajistar asibitoci, tattarawa kawai suke jira. Ranar Ƙoda ta Duniya tana zuwa ne Alhamis ta biyu a watan Maris kowace shekara. Muna fatan kafin mai zuwa a sanar da mu ta rediyo abin da zaman ya yanke, da inda za mu je mu sayi allurar, da farashinta.

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Wani mai jinya, daga ƙasar Katagum